Rumbu Uku, Kadarko Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara damina ta yi albarka a dajin Zaki. Gero ya yi, dawa ta yi, wake har ana tattaka shi a hanya. Aka yanyana nama aka shanya kilishi. Zaki ya tuna shekarar da gobara ta lashe rumbunsa ɗaya tilo, aka wayi gari ana kallon toka. Ya ce bana rumbu uku za a gina. Ɗaya a Tudu, inda fada take. Ɗaya a Kwari, tafiyar hantsi daga fada. Na uku a Ƙetare, bayan kogi, inda ba a zuwa sai an bi ta kadarkon igiya guda ɗaya.

Kowane rumbu da mai gadinsa. Kunkuru a Tudu, Biri a Kwari, Jaki a Ƙetare. Duk dabbar da ta yi aikin gayya aka rubuta sunanta a kundi, aka raɗa mata kalmar sirri. Ka zo ƙofa, ka faɗi sunanka, ka raɗa kalmarka, a duba kundi, a auna maka.

Kundin kuwa ɗaya ne tak, yana hannun Malam Dila a Tudu. In Ɓera ya zo ƙofar Ƙetare neman gero cikin tafin hannu, sai Zomo ya ruga Tudu ya tambayo, ya rugo ya dawo. Ɓera na tsaye. Bayansa Barewa, bayanta Ɓauna, layi har gindin tsamiya. Aka daure da haka, har ranar da zazzaɓi ya kwantar da Malam Dila. Ya shige ɗaka, ya tura ƙyaure, ya yi matashi da kundin. Rumbu uku cike maƙil, ba wanda aka auna wa ko ƙwaya.

Kada ku ce wautar dabbobi ce. Akwai manhajar adana bayanai mai suna Cassandra, wadda aka ƙirƙira a Facebook aka sake ta ga jama'a a 2008. Ana iya baza ta a kwamfutoci ɗari cikin garuruwa dabam-dabam, amma in an kafa ta sabuwa, kundin sunaye da kalmomin sirrinta kwafi ɗaya yake, sai mai kula da ita ya tuna ya ƙara. Wanda ya manta, ranar da kwamfutar nan ɗaya ta kwanta zai ga abin da Ɓera ya gani.

Gizo ya ji labari. Ya sa hula, ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa da tsamin bakinsa.

"Yanka ya daɗe, manyan dawa. Kundi uku za a yi, kowane yumbu da nashi."

Zaki ya gyara zama. Gizo ya ga an saurare shi, sai baki ya buɗe. Ya yi alkawari uku. Na farko, ba ƙofar da za a ƙara rufewa, dare ko rana. Na biyu, kundin nan uku bakinsu zai zama ɗaya, abin da ke Tudu shi ke Ƙetare. Na uku, ko da kadarko ya tsinke, na farko da na biyu suna nan daram. Ya nemi ladan buhu ɗaya a kan kowane alkawari. Aka ɗora masa uku a jaki, ba Jakin gadi ba, wani ƙanensa.

Ƙoƙi na tankaɗe ya shigo yana fito. Ta ji yadda aka yi. Ta ajiye rariya.

"Maigida, buhu ɗaya zan taɓa. Biyun can ajiye su a lungu, za a zo karɓa."

"Shaboda me?"

"In kadarko ya tsinke, aka kori wani a Tudu, ta ina Jaki zai ji? In ya buɗe wa kowa da tsohon kundinsa, alkawari na biyu ya faɗi. In ya ce sai ya ji daga Tudu, na farko ya faɗi. Taura biyu ba ta taunuwa."

Gizo ya ce kadarkon sabo ne, igiyar rama ce mai kauri, wa zai tsinka ta. Ya buɗe buhu na biyu.

Maganar da Ƙoƙi ta yi a bakin turmi ita ce wani malamin kwamfuta, Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya faɗa a taron masana a 2000, kuma Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita da lissafi a 2002: in hanya ta yanke tsakanin rumbunan bayanai, ko dai kowa ya ci gaba da amsa wa jama'a da abin da ke hannunsa, ko a tsaya a jira bakin kowa ya zama ɗaya. Ba a samun duka biyun. Hanya kuwa tana yankewa. Mu nan shaida ne. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka wuni a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu ana cewa babu sabis.

To, aka yi kundi uku. Dokar Gizo ta farko mai daɗi ce: kowane mai gadi ya duba kundin da ke gabansa kawai. In an yi canji a wani wuri, Zomo ya kai labari in ya samu sarari. Layi ya ɓace. Ɓera ya zo, Ɓera ya tafi. Aka yi wa Gizo kirari a dandali.

Kura tana gefe tana kallo. Ba ta kallon ƙofa, Zomo take kallo. Ta ƙirga yawan lokacin da yake ɗauka daga Tudu zuwa Ƙetare. Ta lura yana tsayawa a gonar karas.

Ran nan ta laɓe bayan rumbun Tudu, ta ji Akuya na raɗa kalmarta. Akuya ba ta iya raɗa ba, kowa ya sani. Da yamma Kura ta aiko ɗan'uwanta da sunan Akuya, aka auna masa kilishi. Washegari asiri ya tonu. Zaki ya ce a goge sunan Kura. Malam Dila ya lashi yatsa ya goge. Akuya ta sake sabuwar kalma. Aka ba Zomo saƙo biyu, ya kai Kwari, ya kama hanyar kogi, ya ratse gonar karas.

Kafin ya gama karas na uku, Kura ta haye. Ta juyo ta sa haƙori a igiyar rama. Kogi kuma a lokacin ya kawo, ya cika ya batse. Zomo ya iso bakin ruwa da saƙonsa, ya zauna yana kallon kadarko na lilo a tsakiyar igiyar ruwa.

Kura ta je gaban Jaki. Ta faɗi suna, ta raɗa kalma. Jaki ya duba. Sunan na nan, kalma ta yi daidai. Ya auna. Ta zagaya ta aiko ɗan'uwanta da tsohuwar kalmar Akuya. Ita ma tana nan. Ya auna. Kwana bakwai suna haka, safe da yamma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Akuya. A rana ta huɗu ta biya Kada ya haye da ita, za ta duba uwarta da ba ta da lafiya. Ta je rumbu ta faɗi sabuwar kalmarta. Jaki ya duba ya girgiza kunne.

"Baiwar Allah, ba haka aka rubuta ba. Mai wannan suna ma ta aiko an karɓa ɗazu."

Mai hakki ta koma hannu wofi, ɓarauniya na gindin kuka tana sakace. Jaki kuma bai yi ƙarya ba, bai ci amana ba. Abin da ke kundinsa ya karanta.

Ruwa ya janye, aka ɗaura sabon kadarko. Zaki ya ce a haɗa kundin uku a daidaita su. Malam Dila ya ba almajirinsa aikin. Yaro ya shimfiɗa su a tabarma yana bi layi-layi. Ya ga sunan Kura a kundin Ƙetare, ya duba na Tudu da na Kwari bai gani ba. Ya ce ashe Malam ya yi tsallake. Ya ɗauki alƙalami ya mayar da sunan a duka biyun, da kyakkyawan rubutu. Kura ta wayi gari ta fi da daraja.

Daga ranar Malam Dila ya daina gogewa. In an kori dabba, sai ya bar sunan, ya rubuta a gefensa da jar tawada cewa an kore ta, ya sa lamba. Wurin da aka goge ba ya magana, amma jan rubutu yana faɗa wa kowane almajiri abin da ya faru. Cassandra ma haka take yi. In an share abu, alama take dasawa a wurin kamar ta kabari, ta bar ta kwana 10 bisa al'ada, don duk kwafin da bai ji ba ya ji. Aikin daidaita kundi bayan rabuwa kuwa ba wasa ba ne. A Oktoban 2018 hanya ta yanke wa kamfanin GitHub na daƙiƙa 43 kacal a gabashin Amurka. Kafin a ankara, rumbun gabas da na yamma kowanne ya riƙe rubutun da ɗayan ba shi da shi. Sai da suka yi awa 24 da minti 11 kafin komai ya koma daidai.

Zaki ya yi ruri har ganye ya zuba. Aka kawo Gizo. Kafin a tambaye shi ya ce ai laifin doka ne, kuma yana da sabuwa. Daga yau ba a buɗe wa kowa sai kundi uku duka sun amsa da baki ɗaya.

Sata ta tsaya cak. Ci ma ya tsaya. Ƙaya ta soki Zomo, aka wuni ba awo. Biri ya tafi suna, aka wuni ba awo. Kunkuru ya ja kai cikin ƙwarya don barcin rana, rumbun Ƙetare da na Kwari suka jira shi ya farka. A da in abu ɗaya ya lalace rumbu ɗaya ke tsayawa. Yanzu duk abin da ya lalace a ko'ina, kowa ya tsaya.

Ni dai ban ga laifin mai gadin da ya ƙi buɗewa don yana shakkar kundinsa ba. Wani lokaci shi ne daidai, ko da ciwo. Ranar 14 ga Disamba 2020, rumbun da Google ke tantance masu shiga da shi ya kasa karɓar sabon rubutu, abin da ke cikinsa ya fara tsufa. An gina shi ne a kan ya ƙi amsawa in ya ga bayanansa sun kwana. Ya ƙi. Minti 47 mutane a duniya suna ƙwanƙwasa Gmail da YouTube ba a buɗe musu ba. Masu Google sun zaɓi layi a kan su buɗe wa Kura. Amma minti 47 daban, damina guda daban.

Dabbobi suka fara gunaguni. Gizo ya dawo gida ba fito. Ƙoƙi ta ɗebo tsakuwa uku ta jera a ƙasa.

"Maigida, taɓa biyu."

Ya taɓa.

"To, ni ma zan ɗauki biyu, ido rufe." Ta ɗauka. "Duba. Ko ta yaya na ɗauka, dole ɗaya cikin nawa ka riga ka taɓa ta. In za a rubuta suna ko a kori wani, kada a ce an gama sai kundi biyu sun ɗauka. In za a buɗe ƙofa, a tambayi kundi biyu. Cikin biyun nan lalle akwai wanda ya ji sabon labari. In suka saɓa, a bi mai babbar lamba."

Gizo ya sa tsakuwar a aljihu. Da safe ya jera su gaban Zaki ya ce a mafarki aka nuna masa.

Wannan dabarar rinjaye ita ce ƙashin bayan manyan rumbunan bayanai na yau. Wanda ya shahara da ita, Leslie Lamport, shi ma da ya tashi bayyana ta sai ya mai da ita labarin majalisar wani tsibirin Girka mai suna Paxos, aka buga a 1998. Ashe ba ni na fara ba wa tatsuniya wannan kaya ba.

Doka ta yi kyau. Kunkuru ya yi barcinsa, biyu suka wadatar. Biri ya je biki, biyu suka wadatar. Aka yi rani lafiya, aka shiga bazara.

Cikin Agusta Zaki ya haye Ƙetare farauta. Da dare aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan karon ba haƙorin kowa, kogi da kansa ya tafi da kadarko. Tudu da Kwari suna gefe ɗaya, su biyu ne, suka ci gaba da awo kamar ba abin da ya faru. Ƙetare ta zama ita kaɗai. Kundi ɗaya ba ya zama biyu.

Zaki ya wayi gari da yunwa, ya taka zuwa rumbunsa. Jaki ya durƙusa.

"Allah ya ja zamanin sarki. Na san fuska, na san murya. Amma doka ba ta ce in duba fuska ba. Ta ce kundi biyu."

"To na soke dokar."

"Ranka ya daɗe, soke doka ma rubutu ne. Sai kundi biyu sun ɗauka."

Zaki ya ɗaga hannu, ya tuna shi ya sa hannu a dokar, ya sauke. Masu kula da Cassandra sun san wannan rana. Sunan babban mai iko da manhajar ke zuwa da shi, shi ne ake nema wa amincewar rinjayen kwafi kafin ya shiga, don haka in hanya ta yanke, wanda ya zo gyara yana iya samun kansa a waje. Shi ya sa masu hankalinsu ke yanka wa kansu wani suna na daban tun ana zaman lafiya.

Kwana biyar Zaki ya yi a Ƙetare. Ya ga Ɓera na tonon jijiya. Ya ga Barewa mai shayarwa ta zauna a ƙofar rumbu tana jin ƙamshin gero ta cikin bango. A da, in aka ce masa an rufe rumbu, magana ce ake kawo masa a fada bayan ya ƙoshi.

Da ya dawo bai yi ruri ba. Ya sa aka kawo Gizo, ya ɗora masa tafin hannu a baya, a hankali.

"Wa ya ba ka tsakuwa?"

Aka aika kiran Ƙoƙi. Ta zo da buhu ɗaya a ka, wanda ta ɓoye tun farko, ta sauke a gaban sarki.

"Ranka ya daɗe, wannan na alkawarin da ba mai iya cikawa ne. Sauran ka tambayi maigida."

Zaki ya ce ta faɗi yadda za a yi. Ta ce a daina tambayar ko a buɗe ko a rufe, kamar ƙofa ɗaya ce. A yi wa kowane rumbu ƙofa biyu. Ƙarama ta mudu ɗaya, abincin dare. Babba ta buhu, da kilishi, da rubuta sabon suna, da canza kalma. In hanya na nan, duka biyun su bi dokar kundi biyu. In hanya ta yanke, ƙaramar ta buɗe da kundin gida, mudu ɗaya ga kowane suna a wuni, babbar kuma ta jira kadarko ko sarki ne ya zo. Saƙon kora kada a ƙara ba Zomo, a ba Shaho, kuma ya riga kowane saƙo tashi. Don a rage wa Zomo gudu, duk wanda aka tantance da safe a ba shi ɗanyen ganyen kabewa mai tambarin Malam Dila, ya riƙa nunawa har yamma. In ganye ya yi yaushi, ya sake zuwa a duba shi.

"In aka kori Kura da rana fa, ganyenta na hannu?"

"Tana da zuwa magariba."

"In ta haye kafin Shaho, ruwa ya rufe hanya?"

"Mudu ɗaya kullum har ruwa ya janye."

Zaki ya yi shiru. "Ba yadda za a hana ta ko wannan?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Ka ɗanɗana shi kwana biyar."

Zaki ya kira Malam Dila ya ce a rubuta. Ya ce a kuma ware mudu talatin kowace damina a kundi, a sa musu suna rabon ruwa, don kada ranar da aka rasa su a kama Jaki.

Gizo aka bar shi da aikin tsinko ganye, ba lada. Bai yi wata ba ya gano cewa akwai masu ƙin zuwa layin safe. Ya samo fatar akuya ta dukanci, ya yanka ta siffar ganyen kabewa, ya rina ta kore, ya saci tambari ya buga. Ganyen da ba ya yaushi. Kura ce ta fara saye, da cinyar barewa. An sake korar ta a lokacin, amma ta yi sati biyu tana nuna ganyenta a ƙofar Ƙetare, kullum shar kamar yanzu aka tsinko.

Jaki yana da wata ɗabi'a. In aka miƙo masa ganye yakan ɗan gatsi gefe, don kabewa ce. Ran nan ya gatsa. Ya tauna, ya tauna, ya sake taunawa. Ya dubi Kura, Kura ta dubi hanya. Tun daga ranar aka sa a cikin doka cewa mai gadi ya gatsi kowane ganye. Gizo ya haye rufin zaure ya maƙale a kusurwa, inda kuke ganinsa har yau.

Damina ta zagayo. Bayan an mayar da sunan Kura a kundi, aka sake kama ta a Kwari da yamma, aka ɗaga Shaho, hadari ya mayar da shi. Kura ta haye, kogi ya tafi da kadarko a bayanta. Kwana tara ruwa bai janye ba. Ta karɓi mudu tara ta ƙaramar ƙofa, Jaki na ƙirgawa. Babbar ƙofa ba a taɓa ta ba. Wata Gada da ta yi ƙaura zuwa Ƙetare ana gobe ruwan, ba a kai ga rubuta sunanta ba, ta yi kwana taran nan tana ci a gidan Barewa. Ban da ita, ba wanda aka mayar daga ƙofa. A rana ta goma Shaho ya sauka da jan rubutu, Malam Dila ya cire tara daga cikin talatin, ya rubuta saura ashirin da ɗaya.

Ƙurunƙus kan ɓera.